Tace Jeri Cikin Ƙamus

A wani ƙauye akwai ma'aunin ruwan sama. Kowace safiya ta damana, malamin gona yakan duba shi, ya rubuta yawan ruwan da ya sauka da milimita. In ruwa bai sauka ba, ya rubuta 0. Ranar da ya yi tafiya, ba wanda ya auna, sai ya rubuta -99. Wannan lamba alama ce kawai, ba awon ruwa ba ce.

Ƙarshen damana, yana son sanin ruwan kowane wata, don ya ba manoma shawara. Sai ya sa awon cikin kwamfuta, da harshen Python. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya ƙago wannan harshe, ya fito da shi a 1991.

A Python akwai ma'ajiya da ake kira ƙamus. Cikin ƙamus na takarda, kowace kalma tana tare da ma'anarta. Cikin ƙamus na kwamfuta kuwa, kowane mabuɗi yana tare da ajiyarsa. A nan suna wata shi ne mabuɗi, jerin lambobi shi ne ajiya. Ga kaɗan don misali:

ruwa = {"Yuni": [12, -99, 30], "Yuli": [25, -99, -99, 40], "Agusta": [50, 0, 18]}

Ruwan da aka auna a Yuli shi ne 25 da 40, wato milimita 65. Amma kwamfuta ba ta san alama ba. In ta haɗa lambobin nan huɗu, sai ta ba da -133. Ba a taɓa ruwan da ya kasa sifili ba. Ke nan dole a tsince -99 kafin a yi lissafi.

Da farko malamin gona ya sa kwamfuta ta bi jeri ɗaya ɗaya, tana cire -99 duk inda ta gamu da ita. Da ya duba Yuli, sai ya ga [25, -99, 40]. Ɗaya ta tsira!

Ga dalili. Jeri kamar layin yara ne. In an fitar da yaro na biyu, na uku yakan matso ya tsaya a wurinsa. Mai dubawa kuwa ya gama da wuri na biyu, ya wuce zuwa na uku. Yaron da ya matso, ba a dube shi ba. Haka -99 ta biyu ta kuɓuta, jimlar Yuli ta zama -34.

Hanya mai kyau ita ce a bar tsohon jeri yadda yake, a gina sabo. A zuba abin da ake so kaɗai cikin sabon, sannan a maye gurbin tsohon da shi:

for wata in ruwa:
    ruwa[wata] = [awo for awo in ruwa[wata] if awo != -99]

Layi na farko yana cewa a bi watanni ɗaya bayan ɗaya. Layi na biyu yana cewa a ɗauki kowane awo, in ba -99 ba ne. Alamar != tana nufin "ba daidai da". Yanzu Yuni ya zama [12, 30], Yuli ya zama [25, 40].

Sifilin Agusta yana nan, ba a taɓa shi ba. Awo ne na gaskiya: ya nuna an duba, an tarar ruwa bai sauka ba. Manomi yana bukatar sanin ranakun fari kamar yadda yake bukatar sanin ranakun ruwa.

A riƙe:
Ba a cire abu daga jeri ana cikin bin sa. Sabon jeri ake ginawa.

Tambayoyi:
1. Mene ne bambancin 0 da -99 a littafin malamin gona?
2. Don me -99 guda ta tsira a jerin Yuli?
3. Nawa ne jimlar ruwan Yuni bayan an tace?
4. A rubuta abin da zai rage in an tace wannan jeri: [-99, -99, 7, 0].