Sarawa a Bakin Kasuwar Mami

Jikana kurtu,

Kar ka ɓata rai don na kira ka kurtu. Na san kun yi faretin yaye a Zariya, an rarraba ku bataliya-bataliya, har ka fara jin ɗumin albashi. Amma a wurina duk sojan da takalminsa na farko bai cinye ba, kurtu ne. Kakarka, wadda kake cika bakin za ka ƙwace mini, ita ta tsegunta mini abin da ya same ka ranar Asabar. Wai ka fito daga kasuwar Mami, burodi a hammata, ledar ƙwai a hannun dama, sai ga laftana ya ɓullo ta bayan mai shayi, kai kuma ka ɗaga hagu ka sara masa. Ta ce ka sha tsallen kwaɗo har cinyoyinka suka ƙi kai ka masallaci. Na yi dariya har da ƙwalla, don na tuna kaina. Ni kofin kunu mai zafi ne a hannuna, a wani bariki da ba sai na faɗi sunansa ba, kuma rabinsa a wuyan rigata ya ƙare.

A filin fareti sarawa ba ta da wuya. Akwai mai ba da oda, akwai na damanka da na hagunka, ko barci kake hannunka zai tashi tare da nasu. A kasuwa babu mai daka maka tsawa. Kai za ka hango mutum, ka karanta kafaɗarsa, ka duba abin da ke hannunka da abin da ke kanka, duk kafin ya rage taku shida tsakaninku. Shi ya sa lokacin da nake samanja, in ina son sanin yaron da horo ya shiga jikinsa, sai in sami benci wajen mai tsire da yamma in zuba ido.

Ka fara da kafaɗa. Anini ɗaya, biyu, uku: ƙaramin laftana, laftana, kyaftin. Mikiya ita kaɗai manjo ne, mikiya da anini ɗaya laftanar kanar, da biyu kanar. Waɗannan da na sama da su ake sara wa. Mai igiya biyu ko uku a hannun riga, kofur ne ko saje, ba a sara masa. Ni ma da na kai samanja ba a sara mini ba ko sau ɗaya, sai dai a ƙame a ce "Sa", alhali yaran bataliya sun fi tsorona a kan kyaftin. Dalilin shi ne hafsa yana riƙe da takardar naɗi da sunan Shugaban Ƙasa, Babban Kwamandan Askarawa, kuma wannan naɗin kake girmamawa idan ka ɗaga hannu. Na sara wa yaran da na haifi kamarsu, waɗanda suka fito daga makarantar hafsoshi ta Kaduna jiya-jiya ba su san ko hanyar ma'ajiyar makamai ba. Ban ji komai ba, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In mace ce ma haka, ka sara ka ce "Ma". Tun 2011 makarantar ta Kaduna take ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi, saboda haka za ka yi ta haɗuwa da su a layin masu tumatir. Kar in ji an ce ka kau da kai kana duba farashin albasa.

Wannan kau da kan shi ne abin da na fi ƙi. Yaro ya hango hafsa sai ya faɗa shagon mai aski, ko ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Hafsan ya gan ka. Ba lallai ya yi magana ba, amma ya riƙe fuskarka, kuma ranar da sunanka zai zo gabansa don kwas ko hutu, fuskar ce za ta fara zuwa.

Maganin abin da ya same ka kuwa mai sauƙi ne, har ina mamakin ba a koya muku ba: soja cikin kaki kayansa a hagu suke. Leda, jarida, waya, canjin da mai shago ya miƙo maka, duk ka mayar hagu kafin ka taka bakin ƙofa. Hannun dama ba naka ba ne muddin kana cikin kaki. In kaya sun cinye hannu biyu, kamar buhun shinkafa ko katan ɗin ruwa, babu wanda ya ce ka zubar. Ka miƙe ƙirji, ka juya kai da ido wajensa, ka gaishe shi da baki da murya mai fita: "Monin sa!" Ka dai san a bariki kullum safiya ce, ko da la'asar sakaliya. In a tsaye kake, ka haɗa ƙafa ka ƙame har ya wuce. Hafsa mai hankali ya fi son wannan a kan ya ga ƙwai goma a ƙasa. Sojan Amurka ma, a rubuce dokarsu ta ce wanda hannayensa biyu ke ɗauke da kaya ba a neman sarawa daga gare shi, gaisuwar baki ta wadatar. Abin da ba a yafewa ko'ina shi ne sarawa da sigari a leɓe, ko da tsinken tsire, ko baki cike da goro. Tofar, ko ka haɗiye, sannan ka ɗaga hannu.

Sai hula. Mu tsarin Ingila muka gada: tafi a buɗe yana kallon gaba, hannu ya tashi ta doguwar hanya, ya sauko ta gajeriya. Faransawan da muka zauna da su a Lebanon farkon shekarun 1980, a aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, su ma tafi a buɗe suke yi. Sojan ruwanmu da sojan Amurka kuwa tafinsu ƙasa yake kallo, ana cewa asali don a ɓoye kwaltar da ke ɓata hannun matuƙan jirgi ne. A wannan tsari namu, kai babu hula ba ya sarawa, ƙamewa ake yi. To amma kar ka mai da wannan dabara, ka riƙa cusa hula a aljihu don ka huta. Fita waje cikin kaki babu hula laifi ne mai zaman kansa, ka ga ka tsere wa tsallen kwaɗo ka faɗa gadurum. In kayan gida ka sa, ka ga hafsan da ka sani, ka ƙame ka gaishe shi. In shi ne cikin kaftani kai kana cikin kaki da hula, kuma ka gane shi, ka sara. Kaftani bai cire masa naɗi ba.

Cikin shago fa? Nan sai da hankali. Shagon Mami ɗan ƙarami ne, ga gwangwanayen madara an jera har rufi, ga mata da goyo. Ka buga ƙafa ka watsa hannu a nan, sai ka tsorata jariri ka ture kayan mutane. Ka miƙe in a zaune kake, ka gaishe shi, ka matsa masa hanya. In ya ce ka ci gaba da cefanenka, ka ci gaba, kar ka tsaya kamar an dasa ka. In yana tare da iyalinsa, gaisuwa ɗaya ta isa, ba sai kun yi ta maimaitawa a kowace kwana ba, kuma ba wurin kai ƙorafin hutu ko na alawus ba ne. Kowace bataliya tana da nata dokokin zama, wasu kwamandoji kan ware wuraren da ba a sarawa. Ka tambayi samanjanku tun da wuri, tambaya ba ta rage igiya, balle kai da ba ka da ko ɗaya.

Bari in ɗan ratse, don na san ba ka san inda sunan kasuwar ya fito ba. Wata 'yar Idoma ce mai suna Mammy, matar wani ƙaramin soja Anthony Ochefu, ta fara sayar da wani irin kunu na gargajiyarsu a barikin Enugu a 1959. Aka yi ƙorafin ƙudaje, aka hana ta. Sojojin da suka saba da kunun suka matsa, har aka ba ta wuri a bayan bariki, wasu mata suka bi sahu. Mijin nan daga baya ya zama kanar, har ya yi gwamnan soja na Jihar Gabas ta Tsakiya a 1975. Yau daga Bukavu a Kano zuwa Giginya a Sakkwato zuwa Maimalari a Maiduguri, ko'ina akwai Mami. Na faɗa maka wannan ne don ka san matan da ke bayan teburan nan su wane ne. Da yawansu matan sojoji ne, wasu mazajen suna daji, wasu mazajen ba su dawo ba, da ribar ƙosai da taliya suke biyan kuɗin makaranta. Wadda kake yi wa tsawa don ta jinkirta canji, wataƙila mijinta ne ya koya wa samanjanku riƙe bindiga. Ka ce mata "Mama" ko "Madam", ka bi layi, in ka ci bashi ka biya ranar da albashi ya shigo, kafin ta aiko yaro. Na ga sojoji masu sarawa kamar a zana su a littafi, amma sunansu ya cika littafin bashin mai abinci wata huɗu. Ban taɓa ba da sunan irinsu don ƙarin girma ba.

Ƙarfe shida na yamma in bigila ta yi kuka ana sauke tuta, komai ya tsaya. Ko kana tsakiyar ciniki, ko an miƙo maka tsire, ka fuskanci inda sautin yake ka ƙame har a gama. Za ka ga tsofaffin matan Mami sun riga ka tsayawa, ludayi a hannu. In akwai baƙo farar hula kusa da kai da bai san al'adar ba, ka gaya masa a hankali bayan an gama. Kar ka zage shi, kar ka taɓa shi. Shi bai yi wata shida a Zariya ba.

Mota ma ka kula da ita a hanyar kasuwa. Jan allo mai tauraro a gaba na janar ne: ɗaya birgediya, biyu manjo janar, haka har huɗu. In allon a buɗe yake, mai shi yana ciki, ka tsaya ka sara. In an rufe shi da mayafinsa, direba ne kawai ya zo sayen wani abu, ka bar hannunka ya huta.

Akwai wani abu da ke rikita yaranmu na Arewa musamman. A gida an koya maka ka cire takalmi, ka rusuna, ka sunkuyar da kai, kar ka haɗa ido da babba. Tarbiyya ce mai kyau, ni na sa aka koya maka. Amma cikin kaki ladabin a miƙe yake: ƙirji waje, ido cikin ido. Soja ba ya tsugunawa da hula a kansa, ko da hafsan ɗan garinku ne, ko da ya girmi babanka. Kuma kar ka ga yana jin Hausa ka saki jiki ka ce masa "Yallaɓai, ya gida?" a gaban mutane. Ka bari shi ya fara. Hausa ba baƙuwa ba ce a bariki, tun rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863 ana kiranta da sunan Hausawa, kuma shekaru da dama da Hausa ake magana da sojoji, daga nan muka sami kurtu da kofur da saje da samanja. Duk da haka, sabo a bainar jama'a na gaba ne yake buɗe ƙofarsa. Ranar da ka zo gida hutu kuwa, ka tuɓe kakin ka tsuguna ka gaishe ni yadda aka saba, in ka sara mini sai na bi ka da sanda.

Duk wannan na cikin bariki ne. In an tura ka daji za a gaya maka ka daina sara wa kowa a fili, don hannunka zai nuna wa maharbi wane ne shugaba. A Laberiya, a 1990, mun kiyaye wannan sosai. Lokacinsa zai zo, za mu yi maganarsa dabam.

Kakarka ta ce in tambaye ka ko ƙwan sun isa ɗaki lafiya, ko su ma sun yi tsallen kwaɗon. Ta daka maka yaji da ƙuli-ƙuli, za a ba direban da ke zuwa wajenku ranar Laraba. In ka je karɓa a bakin get, ka riƙe ƙullin da hagu.

Kakanka.