Tafki a Bisa Kan Dutse

Ku yara, kun saba ganin tafki a fadama ko a gindin tudu, gama ruwa gangare yake bi. To, yau ga labarin wani tafki wanda sai an hau dutse kāna a gan shi.

A ƙasar Kamaru akwai wani gari mai suna Ngaundare. Yana bisa tudun Adamawa, wanda bisansa ya fi ƙafa 3,500, watau ya ninka na Kano sau biyu har da ɗori. Saboda haka garin yana da sanyi mai daɗi. Fulani da Mbum da Hausawa duk suna zaune a cikinsa. A can ne hanyar jirgin ƙasa ta ƙare, wadda ta iso garin a shekarar 1974.

Wani hutu ni da ƙanena muka ziyarci kawunmu a can. Shi falken shanu ne, kullum yana cikin ƙura da hayaniyar kasuwa. Ran nan ya ce, "Jiki ba ƙarfe ba ne. Gobe za mu tafi Tafkin Tizon mu huta."

Da gari ya waye muka ɗaure guzuri, gurasa da kilishi da goran ruwa. Muka bi kudu da gari a mota, ba mu yi rabin sa'a ba muka sauka, muka kama hawa da ƙafa. Muna ta haki, ba mu ga ko alamar ruwa ba. Da muka kai ƙololuwa sai ga tafki a ƙarƙashinmu, kewayayye kamar akushi, itatuwa sun yi masa zobe. Ba ƙarar mota, ba cinikin kowa, sai kukan tsuntsaye da iska mai sanyi. Kawu ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya yi ajiyar zuciya.

Na ce, "Kawu, wa ya haƙa wannan tafki a nan bisa?"

Ya ce, "Ba ɗan Adam ba ne, ɗana. A can cikin ƙasa akwai zafi mai narkar da dutse. Shekaru dubbai da suka wuce wannan zafi ya fasa ƙasa a nan, ya yi ta aman wuta da toka da duwatsu. Abin da ya amayar ya taru a kewaye ya zama tudu, bakin kuwa ya zauna rami. Da wutar ta mutu, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cika ramin."

Muna cikin magana ashe ƙanena ya sulale ya gangara. Ya tuɓe riga zai yi iyo, yadda ya saba a kududdufin unguwarmu. Kawu ya daka masa tsawa, ya sheƙa a guje ya cafko hannunsa, ruwa ya riga ya kai masa gwiwa. Sa'an nan ya ɗauki dogon sanda ya zura gaba kaɗan da inda yaron ya tsaya. Sanda ya nutse duka bai taɓa ƙasa ba.

Ya ce, "Ka gani? Kududdufi a hankali yake zurfi, amma wannan gefensa a tsaye yake kamar rijiya. Masana sun auna tsakiyarsa, mita 48 ne, watau wajen gaba 26. Kada kwanciyar ruwa ta ruɗe ka."

Ƙanena ya yi tsit, jikinsa na rawa. Muka koma inuwa muka ci guzurinmu. Kawu ya yi barci har azahar, mu kuwa muna kallon inuwar gizagizai a kan ruwa. Da la'asar muka tsince shararmu, muka gangaro gida da sauƙin jiki.

Hutu abu ne mai kyau, amma wanda ya je baƙon wuri, sai ya tambaya kafin ya sa ƙafa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Tafkin Tizon yake?
2. Yaya aka yi ruwa ya taru a bisa dutse?
3. Me ya bambanta wannan tafki da kududdufi?
4. Don me Kawu ya zura sanda cikin ruwa?