Sarar ɗaliban MIT: ƙofa ta biyu bayan ƙofar shiga

Jami'ar MIT, wadda ke garin Kambirij a jihar Masacusets ta Amurka, jami'a ce mai zaman kanta da aka kafa a shekarar 1861. Mu ɗaliban kimiyyar harshe mun fi saninta da Noam Chomsky, wanda ya fara koyarwa a can a 1955. Amma abin da za mu duba a nan shi ne bakin ɗalibanta masu neman digirin farko, domin misali ne mai kyau na abin da ilimin walwalar harshe ke kira karin harshen rukuni.

Shiga wannan jami'a abu ne mai wuya: a ƴan shekarun nan, cikin masu nema 100 kimanin 4 ko 5 ake ɗauka. Wanda ya samu shiga kuwa sai ya tarar da mutane suna magana da lambobi. Kowane fanni yana da lambarsa: 6 injiniyancin lantarki da kimiyyar kwamfuta, 8 fiziya, 18 lissafi, 24 kimiyyar harshe da falsafa. Ɗalibi ba ya cewa lissafi yake karanta, sai ya ce shi ɗan kwas na 18 ne. Darussa ma haka: 18.01 darasin lissafi ne na ƴan shekarar farko, 24.900 kuma gabatarwa ga kimiyyar harshe. Gine-gine su ma da lamba aka fi kiran su. Idan aka ce a haɗu a 10-250, ana nufin wani babban zauren lacca da ke gini na 10, hawa na biyu.

Abin lura shi ne, hukumar jami'a ce ta ƙirƙiro waɗannan lambobi, ɗalibai kuwa suka mai da su sunaye. Wato lamba ta bar aikinta na ƙirga ta koma sunan yanka. Wannan ya sha bamban da zaurance, inda ake sarrafa gaɓoɓin kalma da gangan don a ɓoye magana. A nan babu niyyar ɓoyewa, amma sakamakon ɗaya ne: baƙo yana ji, ba ya fahimta.

Sararsu ta yau da kullum ta fi bayyana halin da suke ciki. "Pset" datsewa ce daga kalmomi biyu masu nufin jerin tambayoyin aikin gida, waɗanda ake bayarwa kusan kowane mako. "Tool", wadda asalinta kayan aiki ne, ta zama aikatau mai nufin duƙufa ga karatu. Kishiyarta "punt", wato a ajiye aikin a yi wani abu. "Hosed" kuma, daga sunan mesar ruwa, tana nufin aiki ya yi wa mutum yawa, kuma ta dace da wani kwatance da ya shahara a can, mai kamanta karatun jami'ar da shan ruwa daga mesar ƴan kwana-kwana. Duk kalmomin nan huɗu a kan nauyin aiki suke. A ganina wannan ba dace ba ne, tunda rukuni yakan yawaita kalmomi a inda abin ya fi damun sa. Kowane ɗalibi, ko da falsafa zai karanta, dole ya ci darussa biyu na lissafi, biyu na fiziya, ɗaya na sinadarai, ɗaya na halittu, da takwas na adabi, fasaha da zamantakewa. (Har gwajin ninƙaya akwai.)

Ita kanta jami'ar ta san sabon shiga yana buƙatar lokaci. A zangon farko ba a rubuta masa maki a takardar sakamakon da za ta fita waje: in ya ci a rubuta ya wuce, in ya faɗi darasin ba ya bayyana. Sai dai wannan sassauci maki kawai ya shafa. Sara ba ta cikin manhaja, a ɗakin kwana da rukunin aikin gida ake koyon ta.

Mu ma tsarin LMD ya ba mu L1, L2 da M1, har mun fara kiran mutane da su. Wanda ke neman jigon bincike zai iya sauraren ƴan L1 a watansu na farko da kuma a ƙarshen shekara, ya rubuta kalmomin jami'a da suka shiga bakinsu, daga wane harshe suka fito, kuma daga bakin wa suka fara jin su.