Amsoshin Tambayoyinku: In yanke kwatar ruwan rufin a-kori-kurata?

Tambaya: Ina da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da nake dakon hatsi da ita tsakanin Hardawa da Azare. 'Yar kwatar nan ta ƙarfe da ta bi gefen rufin a saman ƙofofi ta yi tsatsa har ta fara ɓurmawa, kuma da damina ruwa na ɗigo mini a kafaɗa. Wani ya ce in sa a yanke ta gaba ɗaya a shafe wurin, tunda motocin yanzu ma ba su da ita. In yanke? Daga mai karatu a Hardawa.

Amsa: Malam, Allah ya sa wa nema albarka. Shawarata ita ce kada ka yanke, ka kai a gyara ta.

Mutane da yawa suna ɗauka aikin wannan kwata bai wuce janye ruwan sama daga bakin ƙofa ba. A yawancin motocin wancan zamani, irin 404 da 504 da kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa harhaɗawa bayan ya fara aiki a 1975, da tsofaffin Hilux da Datsun, nan ne mahaɗar rufi da gangar jiki. Ana kawo bakin farantin rufin, a ɗora shi kan bakin ƙarfen gefe, a matse su da waldar ɗigo-ɗigo, sannan a lanƙwasa gefen sama ya zama hanyar ruwa. Kamar kalmasar riga take: ka bi ta da almakashi, ɗinkin da ke cikinta ya tafi. In ka kankare wani ɗan wuri da kyau za ka ga ƙananan lotsawa a jere, tazararsu ba ta da yawa. Su ne ke riƙe da rufin.

Idan aka bi ta da giranda daga gaba har baya a zama ɗaya, rufin ya saki ke nan. Motar da ke shiga hanyoyin burji da lodin buhuna kullum jikinta a murɗawa yake, kuma rufin yana cikin abin da ke hana kan motar karkacewa. Da zarar ya yi sako-sako sai ƙofa ta ƙi zama daidai, gilashin gaba ya fara tsagewa daga kusurwa. In kuma tsautsayi ya sa ta kife, Allah ya kiyaye, rufin nan shi ne tsakaninka da ƙasa.

Gaskiya ne yawancin motocin yanzu ba su da ita a waje. Tun shekarun 1980 kamfanoni suka fara ɓoye ta don rage tirjiyar iska da ƙugi in ana gudu. Amma mahaɗar tana nan, an dai mayar da ita saman rufin an rufe ta da baƙar roba, an kuma sake fasalin ƙofa da robarta don su iya da ruwan. Robar ƙofar motarka ba a yi ta don haka ba. Ka duba Land Cruiser ƙirar 70, wadda ake ƙerawa tun 1984 don aikin daji: har yau da kwatarta take fitowa. A kanta ne ma ake ɗaure kariyar kaya.

Tsatsar kuwa ga asalinta. A cikin kwatar akwai wani gam da aka zuba tun daga kamfani don toshe mahaɗar. Zafin bazara na ƙasar Katagum, da yakan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, yana busar da shi ya tsattsage. Ƙurar hunturu ta cika tsagar, ruwan farko ya mai da ita laka, lakar ta riƙe danshi har ƙarshen damina. Ƙafafun kariya su ma suna goge fenti a inda suka kama.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake so. A ƙwaƙule tsohon gam ɗin duka, a goge da burushin waya har ƙarfe ya yi fari. Inda tsatsar ba ta huda ba, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bari ya bushe, a zuba sabon gam na mahaɗar jikin mota, sannan fenti. Kada a sa silikon ɗin da masu gilashin taga ke amfani da shi: fenti ba ya kama shi, kuma mai warin tsamin nan yana cin ƙarfe. Inda ya ɓurma, a yanke wannan gaɓar kaɗai, fanel-bita ya lanƙwasa sabon ƙarfe ya dasa, ko a samo gaɓar daga mushen mota irin taka. Abin da ba na so ka yarda da shi shi ne a cike ramin da fila a fesa fenti. Zai yi kyau ranar da ka karɓi mota, damina ɗaya ta kumburo shi.

In kwatar ta ruɓe kakaf har babu abin ceto, ko kuma ka dage sai an cire, to a yi shi kaɗan-kaɗan. A fara cire silin ɗin ciki da kujera, a zare kan batir, a rufe gilasai, domin tartsatsin giranda yana narkewa a jikin gilashi ya bar tabon da ba ya fita. A yanke inci uku ko huɗu, a ɗiga walda a haɗe rufi da gefe nan take, a tsallaka wani wuri mai nisa, a bar na farko ya huce. Farantin rufi da ƙyar yake kai kaurin milimita ɗaya. Waldar lantarki ta masu ƙofofi da tagogi huda shi take yi, ta kabaid kuma tana baza zafi har rufin ya yi tudu da kwari. Saboda haka ka nemi mai injin walda na waya da iskar gas, ko tsohon hannu a kabaid wanda ka ga aikin rufin da ya taɓa yi da idonka. Ka kuma sani daga ranar duk buɗe ƙofa cikin ruwa jiƙa kujera ne, kuma kariya ba ta da wurin kamawa.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka zauna a ciki wani ya riƙa zuba ruwa da buta a hankali, ya fara daga robar gilashin gaba, sai saman ƙofa, kwatar ta zo ƙarshe. Sau da yawa ɗigon da ake ɗora wa kwata daga busasshiyar roba yake shigowa, kuma canza ta ya fi walda araha nesa ba kusa ba. Aikin duka a yi shi da rani, ƙarfe a bushe, a gama kafin ruwa ya sauka.