Jaririn ɗan'uwa ba ya samun isasshen nono: mu yi magana ko mu yi shiru?

Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata a yankin Ƙafin Maiyaki ta kawo mana wannan damuwa. Matar ƙanenta ta yi haihuwar fari. Kwana goma ke nan, amma ba a ɗora yaron a nono sai sau huɗu ko biyar a yini. In ya yi kuka tsakani, kaka ta ɗiga masa ruwa da cokali, tana cewa zafin bazara ne, kuma kada a saba masa da hannu. Mai jegon ba ta musu. 'Yar'uwar tamu tana tsoron in ta buɗe baki a ce dangin miji sun fara.

Da yawa cikinmu mun taɓa tsayawa a wannan wuri. Kafin mu yanke shawara, bari mu san abin da jariri yake bukata.

Cikin sabon jariri ƙarami ne ƙwarai, nono kuma ba ya daɗewa a cikinsa. Saboda haka yana bukatar sha sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, dare da rana, duk lokacin da ya nema. Tun kafin ya yi kuka yakan nuna yana so: yana juya kai, yana tsotsar hannu, yana buɗe baki. A makonnin farko, in ya yi barci ya wuce awa uku ko huɗu, a tashe shi a ba shi. Yawan tsotso shi ne yake kawo ruwan nono. Uwar da take shayarwa sau huɗu kawai za ta ga nononta yana raguwa, sai a ce ba ta da nono, a koma ga madarar gwangwani ko koko, alhali da ma tsotso ne ya yi kaɗan.

Batun ruwa shi ne ya fi wuya a gidajenmu, domin mai ba da ruwan da tausayi take yi. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, yana kashe wa yaro ƙishi ko a watan Afrilu. Ruwan cokali yana cika ɗan cikin nan ba tare da abinci ba, ruwan rijiya kuma yana iya kawo gudawa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 kawai cikin 100 ne suke samun haka a Najeriya. Dakashi ma, wato nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar, shi ne kariyar yaro ta farko daga cututtuka.

Akwai wani abu da ba mu cika faɗa ba. Yarinyar da ta yi haihuwar fari takan yi alkunya. Ba ta so a ga tana rawar jiki a kan ɗanta a gaban surukai ko iyayenta, sai ta jira a ce mata, “Ɗauke shi mana.” Wani lokaci ba ilimi ne ya yi mata kaɗan ba. Izini take jira daga babba.

To, mu yi magana? In bambancin ra'ayi ne kawai, misali yadda ake riƙe yaro ko lokacin wanka, mu bar wa uwa da kaka. Amma mu duba yaron. Bayan kwana biyar ya kamata ya riƙa jiƙa tsumma sau shida ko fiye a kwana ɗaya, kuma wajen mako biyu ya koma nauyin da aka haife shi da shi. In fitsarinsa kaɗan ne, bakinsa a bushe, maɗigarsa ta faɗa, shiru ya zama laifi. In kuwa ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko yana jijjiga, ko shawara ta kai tafin hannu da ƙafa, ba lokacin shawara ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Mu karanta Fitowa sura 2, aya 1 zuwa 10. Yayar Musa yarinya ce, ba ta da wani matsayi a gaban 'yar Fir'auna. Duk da haka ta matso ta yi magana a kan wadda za ta shayar da jaririn. Mu lura cewa ba ta yi gardama ba, tambaya ta yi, ta kuma kawo mafita.

Haka muka shawarci 'yar'uwarmu. Kada ta yi maganar a gaban masu barka. Ta je da kunu, ta zauna, ta fara da kaka, domin ita ce mai ɗakin: “Inna, ke kika raine mu duka. Yaron nan fitsarinsa bai yi miki kaɗan ba? Ko mu bar ruwan, ki sa ta riƙa ba shi nono akai-akai mu gani?” In umarnin ya fito daga bakin kaka, alkunyar mai jego ta ƙare. Ta kuma gaya wa ƙanenta, don shi zai nemo babur da kuɗin zuwa awo. In aka ƙi ji, ta roƙi matar fasto ko ma'aikaciyar lafiya ta leƙo gidan.

Ku tattauna a ƙungiyarku: a ƙauyenmu, wa yake da ta cewa a ɗakin mai jego, kuma mun taɓa gayyatar kakanni zuwa koyarwar shayarwa? Wace ce a ikilisiyarmu tsofaffi suke jin maganarta, wadda za a iya aikawa gidan haihuwa tun kafin ranar suna?