Kafin Ku Kai Yara Gidan Makama

Mu mutanen Jalingo mukan sha tafiyar yini guda zuwa Kano, mu sari atamfa a Kantin Kwari, mu juyo. In kun sake zuwa da iyali, ku ware safiya ɗaya don Gidan Makama, gidan tarihin da ke daura da fadar Sarki.

1. Ku yi sammako. Da rana ta take, yara za su fara ƙorafi. Ku kauce wa Juma'a, don babban masallaci na kusa, hanya kan cushe. Ku riƙe ruwan sha da 'yan canji na kuɗin shiga.

2. Ku fara kallon ginin kansa. Tun daga zaure kuna cikin tsohon ginin. A ƙarni na 15 aka kafa shi don Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma Turawa sun yi ofis a ciki bayan 1903. Ku ɗaga kai ku dubi bakan gizo da jeren azara, ku lura da kaurin bango, sannan ku tambayi yara abin da ya sa soron ke da sanyi ba fanka. A ganina wannan ya fi duk abin da aka jera a ciki.

3. Ku nemi mai rakiya. Ma'aikatan gidan sun san labarin sulke da lifidi da tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari. Ku bar yara su yi tambaya da bakinsu, ya fi zauna musu.

4. Ku haɗa labarin da gida. Tun a mota ku gaya musu cewa mayaƙan Kwararrafa, waɗanda ake danganta su da Jukunawan Wukari, sun kai wa Kano yaƙi a ƙarni na 17. Yaron Taraba da ya ji haka ba zai kalli ganuwa kamar baƙo ba.

5. Ido ke kallo, ba hannu ba. Ginin ƙasa ne, farce ma na kankare shi. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoto.

6. Ku ƙarasa marinar Ƙofar Mata. Ba ta da nisa, kuma har yau ana rini da baba a karofinta. Don Allah, kada ku bar 'yan mata a masauki, ku tafi da kowa.