Yadda Ake Cajin Batirin Motar-Ɗaki da Altaneta da Hasken Rana

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Ostareliya, masu yawon shaƙatawa kan ɗora ɗan ƙaramin ɗaki a bayan akori-kura, ko su ja shi a baya kamar tirela, su nausa daji su yi kwana da kwanaki. A cikin ɗakin akwai gado da fitilu da fanka da ƙaramin firji. Wannan shi na kira motar-ɗaki. Duk waɗannan kaya wuta suke ci, ga shi kuwa babu turken lantarki a dawa. Saboda haka rayuwar matafiyin ta rataya ne a kan batir. A wannan darasi zan yi bayanin hanyoyi biyu da ake cika batirin, wato altanetar mota da farantin sola, tare da lissafin da ke bayansu da haɗurran da ya kamata a kiyaye.

2.0 Ma'aunai Uku

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san ma'aunai uku. Mu ɗauki wutar lantarki tamkar ruwa a cikin bututu. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke wucewa. Wat kuwa shi ne aikin da ruwan ya yi, ana kuma samun sa ne idan aka ninka bolt da amfiya. Girman batir ana auna shi da amfiya-awa. Batir mai amfiya-awa 100 zai iya ba da amfiya 5 na tsawon awa 20.

3.0 Batura Biyu, Aiki Biyu

Motar-ɗaki tana da batura iri biyu. Na farko shi ne batirin tayar da inji. Farantan dalmar cikinsa sirara ne kuma suna da yawa, domin ya ba da wuta mai ƙarfi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan ana yawan zuƙe shi har ƙasa, ba ya daɗewa. Na biyu shi ne batirin ɗaki, mai farantai masu kauri, wanda aka ƙera domin ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci.

Batirin dalma tsohon hannu ne, domin wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi tun 1859. Yana da ɗakuna shida, kowanne da kimanin bolt 2.1. Idan ya cika ya huta, mita za ta nuna kusan bolt 12.6. Idan ta nuna wajen 12.1, to rabi ya tafi, kuma a nan ake so a tsaya. Barin sa a zuƙe na kwanaki yana sa wani farin gishiri ya daskare a kan farantansa, ƙarfinsa ya ragu har abada. A yau da yawa sun koma ga batirin litiyam, nau'in LiFePO4, mai ɗakuna huɗu da jimillar bolt 12.8. Ya fi tsada, amma bai kai na dalma nauyi ba, kuma ana iya cin kashi 80 cikin 100 na wutarsa ba tare da illa ba.

4.0 Caji Daga Altaneta

Altaneta ita ce ɗan janareton da bel ɗin inji ke juyawa. Kamfanin Chrysler ne ya fara sanya ta a matsayin kayan ƙa'ida a motarsa Valiant a 1960. Idan inji yana aiki, takan ba da bolt 13.8 zuwa 14.4. Tun da wannan ya fi ƙarfin batir, sai wuta ta gangara cikinsa, kamar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari.

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a ja waya kawai daga batirin inji zuwa na ɗaki? Matsaloli uku ne.

Ta farko, idan an kashe inji, baturan biyu sun zama ɗaya. Firji da fanka za su kwana suna shan duka biyun, da safe a murɗa makulli mota ta ce ba ta san zancen ba. A tsakiyar daji wannan ba abin dariya ba ne. Maganinsa shi ne a sanya rile a tsakani. Wannan makunni ne mai sarrafa kansa: idan ya ji ƙarfin wuta ya haura wajen bolt 13.3, ya san inji ya tashi, sai ya haɗa baturan. Idan ya sauko wajen 12.8, sai ya raba su.

Ta biyu ita ce asarar wuta a hanya. Mu ce tsakanin baturan akwai mita 6, zuwa da dawowa mita 12 ke nan. Idan aka yi amfani da wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 6, aka tura amfiya 20, za a rasa kimanin bolt 0.7. Ke nan bolt 14.2 da suka baro altaneta za su isa a matsayin 13.5, alhali batirin dalma yana son kusan 14.4 kafin ya cika da kyau. Da waya mai kaurin 16 kuwa, asarar ba ta kai bolt 0.3 ba. Wannan ne ya sa masu dogaro da siririyar wayar da ke cikin soket ɗin tirela kan yi tafiyar yini guda, su tarar batir bai cika ba.

Ta uku ta shafi sababbin motoci da sababbin batura. Yawancin motocin zamani suna da altaneta wadda kwamfutar mota ke rage wa ƙarfi domin tsimin mai, har ta sauko ƙasa da bolt 13. Rile ba ya aiki sosai a irin wannan mota. Shi kuma batirin litiyam makwaɗaici ne, yana iya jan wuta fiye da kima har altaneta ta yi zafi ta ƙone, musamman idan mota tana tsaye inji na aiki a hankali, iskar sanyaya ta kuma ta yi kaɗan.

Abin da ke warware biyun ƙarshe shi ne wata na'ura da na kira cajar tsakani, wadda a kasuwa ake rubuta DC-DC a jikinta. Tana karɓar duk ƙarfin da ya iso, ta ɗaga shi zuwa abin da batirin ɗaki ke so, sannan ta ƙayyade yawan amfiyar da za ta ja, misali 30. Tana kuma yin aikin rile.

5.0 Caji Daga Hasken Rana

Altaneta sai ana tafiya take amfani. Wanda ya yada zango na kwana uku kuwa, rana ce gatansa. A 1954 ne masu bincike a Bell Labs da ke Amurka suka fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani ta farko, wadda ke mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na haske zuwa wuta. Na yau sun haura kashi 20.

Farantin sola mai wat 100 yakan ba da kusan bolt 18 da amfiya 5.5. Bolt 18 sun yi wa batir yawa, don haka dole a sanya kwantirola a tsakani. Iri biyu ce. Mai suna PWM tana jawo ƙarfin farantin ƙasa ya daidaita da na batir: amfiya 5.5 sau bolt 13.5, wat 74 ke nan, sauran sun bi ruwa. Mai suna MPPT kuwa tana mayar da rarar bolt ɗin zuwa amfiya, sai batir ya sami kusan amfiya 7. Ta fi tsada, amma ta fi riba.

A lura cewa wat 100 ɗin nan an auna shi ne a zafin digiri 25. Kowane digiri ɗaya da farantin ya ƙara yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100, farantin da ke kan rufin mota kuwa yana iya kai digiri 60. Ƙura da inuwar reshe ɗaya ma suna rage shi matuƙa. Shi ya sa wasu kan ajiye mota a inuwa, su shimfiɗa farantin tafi-da-gidanka a rana.

6.0 Misalin Lissafi

Bari mu ƙaddara bukatar yini guda kamar haka: firji amfiya-awa 40, fanka 8, fitilu 5, cajin waya da kwamfuta 7. Jimilla 60, wato wat-awa 720. Tun da rabin batirin dalma kaɗai ake ci, sai a nemi mai amfiya-awa 120 ko fiye. Na litiyam mai 100 ya wadatar. Farantai masu wat 200, idan suka sami awa 5 na rana mai ƙarfi, za su ba da wat-awa 1,000. A cire rubu'i na asara, saura 750, ya biya bukata. Ranar da hadari ya rufe sama, tafiyar awa 2 da cajar tsakani mai amfiya 30 za ta mayar da kusan 60 ɗin nan, ko da yake batirin dalma yakan rage karɓa idan ya kusa cika. Ana iya haɗa hanyoyin biyu a kan batir ɗaya, muddin kowacce tana da na'urar da ke sarrafa ta.

7.0 Abubuwan Kiyayewa

Rigakafi ya fi magani. A sanya fiyus kusa da kan kowane batir, domin wayar da ta goge ta taɓa bodi tana iya cinna wa mota wuta. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, don haka kada a rufe shi a inda ake kwana. A haɗa kwantirola da batir tukuna kafin a haɗa ta da farantin. Kada a yi cajin litiyam a sanyin da ya gaza digiri 0. Manyan motoci kuma, irin tirelolin da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Kano, galibi bolt 24 suke amfani da shi, wato batura biyu a jere. Direban da ya ja wayar fanka daga ɗayansu kaɗai yana kashe su ne a hankali, domin ɗaya zai riƙa zuƙewa, ɗayan kuma yana shan caji fiye da kima. Na'urar rage 24 zuwa 12 ita ce daidai.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi mun ga bambancin batirin inji da na ɗaki, da dalilin raba su, da yadda kaurin waya da irin kwantirola ke ƙayyade wutar da ke isa batir. Lissafin da na kawo shi ne dai wanda mai inbata da sola a gida ko a shago zai yi. Ina ba 'yan uwana ɗalibai shawara kowa ya rubuta kayan wutar ɗakinsa, ya ninka wat ɗin kowanne da awannin da yake aiki, ya fitar da girman batir da farantin da za su ɗauke shi. Aikin haɗawa kuwa a bar wa ƙwararren mai wayarin. Allah Ya sa mu amfana.